Inshorar da Ba Ta Kai Ka'akiyya Ba

Tun da muka dawo daga Umara ban huta da tambaya ba. Mutum zai zo karɓar dabino da zamzam, sai ya gyara zama ya ce, "To Malam Sani, ya ƙasa mai tsarki?" Kafin in buɗe baki ya ƙara da, "Wai da gaske ne ka bar makarantar?" Na lura duk wanda na ba rabin labarin, yakan je majalisa ya ƙarasa sauran da kansa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe, kowa ya karanta ya yanke mini hukuncin da ya ga dama.

Makarantar da nake aiki sakandare ce ta kuɗi, ta kwana, ta maza zalla, a bayan garin Kano. Ni ba na shiga aji. Malamin shawara nake, ina da ɗan ofis kusa da ɗakin shan magani, inda yaron da abu ya dame shi zai zo ya zauna mu yi magana. Kuma ɗan kwantiragi ne ni, duk shekara ake sabunta mini. A shekarar da ake tsakiyar aikin faɗaɗa Harami, makaranta ta shirya kai manyan ɗalibai Umara a lokacin hutu, aka sa ni cikin malaman rakiya.

Kafin tafiya Darakta ya tara mu a ofishinsa, ya gabatar mana da wani matashi mai kwat da ƙamshin turare, Malam Nafi'u, wakilin kamfanin inshora. Bakinsa kamar an shafa zuma. Ya ce in yaro ya yi ciwo kamfani zai ɗauka, in jaka ta ɓace kamfani zai biya, in wani uba ya kai makaranta kotu kamfani zai tsaya mata. Kowa na gyaɗa kai. Na ɗaga hannu na ce, "To ni fa? Ni aikina magana ce. In na ba yaro shawara, ubansa bai ji daɗinta ba, wa zai tsaya mini?"

Ya ce, "A'a Malam, wannan wata inshorar ce daban, irin ta likitoci da lauyoyi. Tunda kai ɗan kwantiragi ne, kai za ka yanka wa kanka."

Darakta ya tuntsire da dariya. "Haba Malam Sani! Wa zai kai ka kotu a kan hira da yara?" Sauran malamai suka taya shi, aka shafa fatiha aka tashi.

A filin jirgin Kano ban ga abin da ban saba gani ba, illa iyaye da suka cika mu da saƙo. Wannan ta kawo ƙullin yaji a kai wa yayarta a unguwar Misfala da ke Makka, wancan ya kawo kilishi a kai wa ɗansa mai karatu. Da mun biye musu, da jirgin bai iya tashi ba. A sama ne aka yi abin dariya. Da aka sanar mun kusa miƙati, yara suka yi layi a ƙofar banɗaki za su ɗaura harami, mafi yawansu kuwa ba su taɓa ɗaura zane ba a rayuwarsu. Wani ya fito ya riƙe nasa da hannu biyu kamar wanda aka kora daga wanka. Wani tsoho Bazazzage da ke kusa da ni ya tashi ya bi su ɗai-ɗai yana ɗaure musu, yana faɗa, "'Ya'yan masu kuɗi, ko mazagi ba ku iya ba!"

A Jidda muka sha zama. Na'urar sanyaya ɗaki tana busa mu, mu kuwa daga mu sai tawul biyu. Jami'in da zai ɗauki hoton yatsunmu yaro ne ƙarami, waya maƙale a kafaɗarsa, yana hira yana dariya, in ya ga dama ya ɗaga yatsa ɗaya ya kira mutum. Ban ga ya kalli fuskar kowa ba. Raina ya sosu, amma da na tuna yadda namu suke yi wa baƙi a gida, sai na haɗiye. Daga nan muka hau doguwar mota zuwa Makka, yara suna talbiyya da ƙarfi, kafin a yi nisa rabinsu sun yi barci.

Masaukinmu a Misfala yake, wani dogon gini siriri mai lif ɗin da ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu, shi ma sai ya yi nishi. Darakta kuwa can kusa da Harami ya sauka, ya ce saboda ƙafarsa. Ban yi masa hassada ba, don Misfala ta yi mini. Ka fito ƙofa ka ji Hausa ta ko'ina. Mata na sayar da tuwo da miyar kuka a lungu, in sun hango askar, wato 'yan sandansu, su tattara su ɓace kamar ba a yi su ba. Tsire ma akwai, sai dai can siriya suke ce masa, kuma Larabawa sun fi mu layi a kansa. Da safe gurasar tamis da wake ake ci, da rana shinkafa buhari da kaza a faranti ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake kiran salla mai kanti zai ja ƙofarsa ko da kana tsakiyar ciniki. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa direbobinsu, waɗanda ba su san mai tafiya a ƙasa ma mutum ne ba.

Ganin Ka'aba ba zan iya kwatanta shi ba, kuma ba zan gwada ba. Na yi kuka, yara da yawa sun yi. Muka yi ɗawafi cikin ƙarar injinan gini, muka yi sa'ayi, aka yi aski. Bayan nan ne abin da ya kawo wannan rubutu ya fara.

Cikin yaran akwai Imrana, ɗan shekara goma sha shida, mai shiru-shiru, ɗan wani babban ɗan kasuwa. Ya daɗe yana zuwa ofishina, don haka na san abin da sauran malamai ba su sani ba. Mahaifiyarsa a Makka take. A nan aka haife ta, jikar alhazan Sakkwato ce da suka zo suka zauna. Uban ya aure ta lokacin da yake karatu a nan, auren ya mutu, ya taho da yaron Kano tun bai fi shekara uku ba. Imrana bai san fuskarta ba sai a wani tsohon hoto. Wata gwaggonsa ce ta ji tausayinsa ta ba shi lambar wayar kawunsa, ƙanen uwar.

Da muka gama Umara sai yaron ya daina cin abinci. In an fita Harami ba ya kallon Ka'aba, matan da ke wucewa yake bi da ido. Ran nan bayan azahar ya same ni a kan matakalar masauki ya ce, "Malam, na kira Kawu. Ya ce a unguwar Ka'akiyya suke, ba nisa. Don Allah ka kai ni. In ba ka kai ni ba, ni zan tafi da kaina."

Na san ba barazana yake yi ba. Na ce ya ba ni lokaci in nemi izini. Na taka har otal ɗin Darakta na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam Sani, ka ji abin da Nafi'u ya faɗa. Inshorarmu iyakarta masauki, da Harami, da wuraren ziyara da ke cikin tsari. Ka'akiyya ba ta ciki. Wannan magana ce ta uba."

Na fita na kira uban a Kano. Ya ji ni sarai, sannan ya ce, "Malam, ni makaranta na damƙa wa yarona. Abin da makaranta ta tsara shi za a yi." Ya kashe wayarsa.

Na koma wa Darakta da wannan amsa. Wallahi har yanzu in na tuna fuskarsa sai zuciyata ta tafasa. Ya ce, "To ka gani. Ni dai ban ce ka kai shi ba, ban kuma ce kada ka kai shi ba. Ai kai ne masanin halayyar yara."

Ku duba fa. Manya biyu, ɗaya ya haifi yaron, ɗaya ya karɓi amanarsa, an rasa wanda zai buɗe baki ya ce e ko a'a. Da uban ya ce kada a kai shi, da na san abin da zan gaya wa Imrana, in zauna da shi in rarrashe shi. Da Darakta ya hana, da na bi umarni ina gunaguni. Amma kowa ya zame, aka bar ni riƙe da yaro wanda uwarsa ke bayan wancan dutsen, a garin da muke ta yi wa yara wa'azin haƙƙin mahaifiya tun daga Kano. Kuma in ya sulale shi kaɗai ya ɓace a garin da bai san yarensa ba, su ɗin nan ne za su fara tambayar ina malamin shawara yake. Na ce wa Imrana ya gaya wa kawunsa ya zo gobe da hantsi.

Kawun, Fahad, direban tasi ne, dogo mai fara'a, sanye da farar jallabiya. Da ya ga yaron sai ya rungume shi a tsakiyar titi yana sumbatar goshinsa, motoci na ta yi masa oda. "Ya Allah! Wallahi kamarsa ɗaya da ubanmu! Tafaddal ya ustaz, shiga sayyara, ma fi mushkila, kafin la'asar na maido ku." Hausarsa rabi da rabi ce, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci. A hanya ya yi ta nuna mana inda suka zauna da, kafin a rushe unguwar a yi otal-otal.

Gidan a hawa na uku yake, a wani tsohon gini marar lif. Matakalar ta dutse ce mai santsi, an wanke ta da safen nan, ƙamshin sabulu na tashi. Aka shigar da mu ɗakin baƙi mai matasai a ƙasa. Ba a jima ba wata tsohuwa ta ɗaga labule ta shigo da sanda. Kakarsa ce, Inna. Ta dubi Imrana sama da ƙasa ta ce, "Wanga ne mijin nawa? Ashe haka anka bar ka kamar kara! Mi Kanawa ka ba ka ka ci?" Ta jawo shi jikinta tana dariya, hawaye na zuba. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, na yi daidai.

Sai muka ji sallama daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa. Uwar ce. Ta gaishe ni, ta tambayi hanya, ta tambayi iyalina, ta tambayi sauran ɗalibai da yadda muka ga zafin garin. Imrana ya kafe labulen da ido. Can daga ƙarshe ta ce, "Yaron nan dai ba ya ba ku wahala ko, Malam?"

Na ce, "Ko kaɗan. Yaro ne mai hankali."

Ta ce, "To madalla." Muka ji takunta ta koma ciki.

Inna ta tura shi ta ce ya shiga ya gaida ta. Ya shiga. Aka fara shigo mana da abinci, tire bayan tire: kabsa, tuwon shinkafa, sambusa, har fura da aka dama da madarar kanti. Ban kai loma ta uku ba Imrana ya fito. Fuskarsa kawai na gani na ajiye cokali. Ya ce, "Malam, mu tafi."

Na ce, "Zauna mana, me ya faru?"

"Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana juya tukunya. Ko kallona ba ta yi ba. Ko sunana ba ta faɗa ba. Malam, ba ta san ni ba, kuma ba ta son ta san ni."

Fahad ya dafa kafaɗarsa. "La, la, ya waladi, ba haka ba ne! Kai ne ɗan fari. A gaban Inna ta kira sunanka? Mustahil! Wallahi tun jiya ba ta runtsa ba, duk abincin ga ita ta dafa da hannunta."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Kunyar ɗan fari! Ni da na ga suna Larabci, suna sumbatar juna a titi, na ɗauka sun daɗe da barin wannan. Ashe abin da mu a birnin Kano muka fara saki, su sun riƙe shi gam tun zuwan kakanninsu. Imrana kuwa a makarantar kwana ya tashi, abokansa iyayensu mata na kiran su da suna a waya, har da su "ɗan lelena". Ina zai gane? Shekara goma sha uku yana jiran abu ɗaya, sai a ce masa ai al'ada ce.

Bai tsaya jin bayani ba. Ya fizge kafaɗarsa, ya zura silifa, ya fita da gudu. Na tashi na bi shi. Ina isa ƙofa na ji ƙarar faɗuwa, na leƙa na gan shi a ƙasan matakala, hannunsa na hagu a lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

Kafin in sauka taki biyu wani abu ya wuce ni kamar iska, har ya buge ni da bango. Uwar ce, ba mayafi, ba takalmi, ludayi a hannu. "Imrana! Imrana! Wayyo ɗana, Imrana!" Ta zube a kansa, ta ɗora kansa a cinyarta, tana shafa fuskarsa, tana kiran sunan tana ƙarawa kamar za ta biya na duk shekarun. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi, ni na kawar da kai. Yaron kuwa, da karyayyen hannu, ya ƙura mata ido ko ƙiftawa ba ya yi.

Fahad ya kai mu asibiti. Aka ɗauki hoto, aka gyara ƙashin, aka sa filasta, da suka ga takardar Umararsa ba su karɓi ko sisi ba. Uwar na gefen gadon har muka fito. Da na kira Darakta, ban ji ya tambayi yadda yaron yake ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "A ina abin ya faru?" Da na ce Ka'akiyya, sai ya ce, "Inna lillahi. Malam Sani, ka kashe mu."

Sauran kwanakinmu ba ni da abin faɗa a kansu sosai. An kai mu Jabalin Nur da Arfa, mun wuce ta Aziziyya yara sun sayi jallabiyoyi da agoguna. Malaman da muke cin abinci a faranti ɗaya suka fara yi mini gaisuwa daga nesa. Imrana kuwa ya koma cin abinci kamar gara, don kullum Fahad na kawo kula daga Ka'akiyya.

Mun dawo da mako guda aka kira ni ofishin Darakta. Na tarar da shi, da lauyan uban, da Malam Nafi'u da ƙamshinsa. Ta bakin lauyan, uban ya ce gyaran da aka yi wa hannun bai yi masa ba, zai fitar da yaron waje a sake dubawa, kuma makaranta ce za ta ɗauki nauyi tunda a hannunta abin ya faru. Malam Nafi'u ya buɗe baki cikin ladabi ya ce kamfani na jajanta wa kowa, amma wurin ba ya cikin tsarin tafiya, kuma fitar ta biyo bayan shawarar wani ƙwararre ne wanda ba ma'aikacin dindindin ba. Yau ni ne ƙwararre! Shekara da shekaru ana ce mini mai hira da yara, ranar da ake neman wanda za a rataya wa jakar tsaba na zama ƙwararre.

Lauyan ya juyo ya ce, "Malam, wa ya ba ka izinin kai shi?"

Na dubi Darakta. Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Na ce, "Ba wanda ya ba ni. Ba kuma wanda ya hana ni. Na tambayi mutum biyu, ga ɗaya nan zaune."

A ƙarshe suka daidaita a tsakaninsu: uban zai janye maganar kotu, makaranta kuma ba za ta sabunta kwantiragina ba. Da ni aka yi sulhun, kamar ragon suna.

Ina fita Malam Nafi'u ya biyo ni har bakin baranda, ya rage murya. "Malam, ka ga abin da na gaya maka tun farko. Duk inda za ka koma, ka zo in yanka maka taka ta kanka. Ba ta da tsada."

Na tsaya na dube shi. Na ce, "Tsakaninka da Allah, da ina da ita, da ta tsaya mini a wannan?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "To, in dai ka bi tsarin da makaranta ta shimfiɗa, za ta tsaya maka."

"Wato in da ban kai shi ba."

"Kusan haka."

Na ce masa na gode. Ban ce inshora banza ce ba, kada a je a ce na faɗa. Duk abokin aikina da ke wannan sana'a ina ba shi shawara ya yanki tasa, ya kuma sa a karanta masa ita dalla-dalla kafin ya sa hannu, don ranar da abu ya lalace ba wanda zai san shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda manya suka mai da ita bango suna laɓewa a bayanta, har ta kai uba da shugaban makaranta ba sa iya cewa e ko a'a a kan yaro ya ga uwarsa.

Ranar da na je kwashe kayana daga ofis, ina cikin ɗaure littattafai aka yi sallama. Imrana ne, hannu rataye a wuya, abokansa sun cika filastar da zane-zane. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ni na ja maka. Ka yafe mini."

Na daka masa tsawa na ce kada in sake jin wannan magana a bakinsa, ba shi ya ja mini ba. Amma bai tafi ba. Can ya matso ya ce, "Malam, na gaya wa Baba ta kira sunana. Ya ce ƙarya nake, shi ya zauna da ita, ya san ba za ta taɓa yi ba. Ni kuma lokacin kaina ya bugu, har na fara tunanin ko mafarki na yi." Ya ɗago ido ya dube ni. "Kai kana wurin. Ta kira, ko?"

Na ajiye igiyar da ke hannuna. Na ce, "Ta kira, Imrana. Har mutanen hawa na ɗaya sai da suka fito."